Wayar da Muka Mayar Igiyar Shanya

Aikin farko yau: na kankare baƙin hayaƙin da ke bangon madafa.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na saba rubuta abin da na yi kowace rana, amma na shekaranjiya ke nake so in faɗa wa.

Shagon abincinki na bakin tashar Ɗambatta yana nan. Tsadar shekarun nan ta rage mana tukunya, miyar ma ta yi ruwa, amma ba mu rufe ba. Talatu tana kan tuƙin tuwo kamar yadda kika bar ta, Ladi kuma, sabuwar ’yar aikinmu, tana kan wanke-wanke.

Tun kafin damina taransifomar unguwar ta ƙone. Watanni suka wuce babu lantarki, har firizarki ta zama wurin ajiyar garin kuka. Wayar nan da ta ratsa madafa ƙarƙashin rufin kwano, mun manta abin da ke bi ta cikinta. Da kaka ta zo muka rataye kuɓewa da barkono a kanta su bushe. Daga nan sai matankaɗi, sai tsumman sauke tukunya. Nauyi ya sa ta lanƙwasa, ɓeraye suna bin kuɓewar suna gaigayar robar. Inda jan ƙarfen ya fito, wata a cikinmu ta naɗe da leda. Na gani, na ce zan duba, sai na ce wa kaina ai babu komai a ciki.

Shekaranjiya da hantsi, ana tsakiyar girki, aka dawo da lantarki ba sanarwa. Ihun murnar unguwa muka fara ji, sannan ƙaurin roba. Tartsatsi ya kama ledar, ledar ta kama tsumma, harshen wutar ya nufi azara. Ladi ta suri bahon wanke-wanke za ta watsa, ƙafarta ba takalmi, ƙasa a jiƙe. Ni kuwa ina tsaye kawai da mara a hannu.

Talatu ce ta bangaje ta, ta miƙa hannu ta sauke babban makunni. Sai bayan nan muka kife yashin suyar gyaɗarki a kan abin da ya zubo, muka fizge sauran da muciya. Azara ɗaya ta yi baƙi, barkonon ya sa mu tari har la'asar. Ba wadda ta ƙone.

Inna, kin tuna ranar da aka ja waya a shagon? Ina sakandare lokacin. Mai wayarin ya kafa makunnin can sama kusa da rufi, kika sa ya cire ya sauko da shi bakin ƙofa, daidai kafaɗarki. Ya ce ba haka ake yi ba. Kika ce, “Ran da abu ya faru kana Gezawa. Ni gajeruwar nan zan kashe, ba kai ba.” Na ji kunyar mutane a ranar. Talatu ko tsawonki ba ta kai ba, Inna, kuma hannunta ya kai.

Duk wadda kika ɗauka aiki, kafin ki ba ta ludayi sai kin kai ta gaban makunnin ta ɗora hannu. Kina cewa, “In waya ce ta kama, ruwa ba naki ba ne. Kashe nan tukuna.” Ladi bayan rasuwarki ta zo. Jiya na kai ta, na maimaita mata da muryarki, ta yi dariya tana share hawaye.

Yanzu ga abin da ya tsaya mini. Mai gyara ya duba, ya ce wayar duka ta mutu, sabuwa za a ja cikin bututu, nesa da murhu, kuma ba zai samu kaya ba sai bayan kasuwa. Maƙwabcinmu mai shayi ya ce in naɗe da salatif in buɗe, kowa haka yake yi. Gobe kasuwa, ranar da muke jira duk mako. Na auna, na sake aunawa. Na ce ko mu dafa da makunnin a kashe, amma azarar da ta ci wuta tana saman tukunya, kuma mai gyara bai yarda da ita ba. Ban sani ba ko tsoro ne ya yi mini yawa. Na dai kalli hannun Talatu, na kalli ƙafar Ladi, na sa kwaɗo.

Na gode, Innata. Kin riƙe mu kina raye, kin tare mana gobara kina kwance. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya makwancinki, Ya sada mu a Aljanna. Amin.

’Yarki,
Binta

Na gobe:
Nemo kafinta saboda azara.
Kafa ƙusoshi a zaure don rataye kuɓewa.
Auna wa Talatu da Ladi gari su kai gida.
Tsayawa a bakin ƙofa in ba masu hatsi da ke cin abinci wurinmu ranar kasuwa haƙuri, babu tuwo. Ban san da wa zan fara ba.