Arewa Kafin Gabas

Litinin, 3 ga Fabrairu

Sun fitar da teburin zanena. Shekara ashirin da shida ina zana taswirar filaye a kansa, yau na iske shi a baranda an ɗora masa bokiti. Oga ya ce daga yanzu duk lambobin awo kwamfuta za su shiga, kuma sai kowa ya koyi rubuta mata umarni. Wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshen wata, sito. Ni ya kalla da ya ce sito.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Aji na farko. Mu tara, ni kaɗai ke da furfura. Malamar ba ta kai babbar 'yata ba. "Baba, matso gaba ka fi gani." A gaban Mai Gilashi ta faɗa. Ni na koya masa riƙe rula da ya zo ofishin nan, yau shi ne mataimakin Oga. Ya rufe baki da hannu, wai tari.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Wani abu wai shi tupul. Ka buɗe baka, ka sa lambar arewa, waƙafi, lambar gabas, ka rufe. Kusurwar fili ɗaya ke nan. In ka rubuta shi, ba a sake taɓa cikinsa. Na kuskure lamba ɗaya, na je gyarawa, na'ura ta watso mini jan rubutu kamar na zagi ubanta. Malama ta ce sai dai in yi sabo. A takarda aikin minti ɗaya ne.

Talata, 11 ga Fabrairu

Awa biyu a kan waƙafi ɗaya. Ashe ko abu guda ne a ciki sai ka bi shi da waƙafi, in ba haka ba ba tupul ba ne. Uwar yara ta ce gemu ba ya hana ilimi. Na ce ai ba gemunta ake ja ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na leƙa siton. Ba taga.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Malama ta ba mu aikin gaske mu gwada hannu: filayen bayan tashar mota, guda ɗari da arba'in, waɗanda Mai Gilashi ya shigar da kansa. Mu kwance kowane tupul, arewa daban, gabas daban. Ina kwancewa na ga abu. Da ƙafata na auna wurin nan. Lambar arewa a can da sha uku take farawa, ta gabas da huɗu. Daga fili na sittin zuwa ƙarshe Mai Gilashi ya juya su, gabas ta shiga gidan arewa. Na'ura ba ruwanta, lamba biyu ta gani ta karɓa.

Ranar Alhamis za a sa hannu a takardun mallaka.

Na kashe kwamfuta na tafi gida.

Talata, 18 ga Fabrairu

Ya sha abin da ya dama. Ina ruwana.

Sai dai fili na saba'in da biyu na tsohon direban ofis ne. Shekara sha ɗaya yana zarya a kan takardar nan. Da safe ma ya tare ni a bakin ƙofa, hula a hannu: "Malam, an ce jibi ko?" In ta fita da lambobin nan, filinsa a takarda ba ma a garin nan yake ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na faɗa wa Mai Gilashi. Shi, ba Oga ba, ban san me ya sa ba. Ya cire gilashin, ya mayar, ya sake cirewa. "Malam, ka rufa mini asiri." Fili tamanin da ɗaya, kusurwa huɗu-huɗu, wai zai sake bugawa da hannu kafin gobe. Na ce matsa. Layi uku na rubuta: a bi su ɗaya bayan ɗaya, a kwance, a ɗaura sabo da arewa a gaba. Na danna maɓalli. Ba jan rubutu.

Malama ta leƙo. "Baba, wa ya nuna maka?" Na ce ba kowa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

An sa hannu. A taro Oga ya yaba wa Mai Gilashi, wai aikinsa ba ƙura. Ya sunkuyar da kai ya karɓa, ko inda nake bai duba ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Direba ya rungumi takardarsa, shi ma Mai Gilashin ya yi wa godiya.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Sakamakon jarrabawa: sittin da ɗaya. Na tsallake da ƙyar. Shi Mai Gilashi tamanin da takwas.

Asabar, 8 ga Maris

An buɗe aji na biyu, ranar Asabar, ba dole, ba ƙarin matsayi. Mutum uku suka rubuta suna. Ni zaman gida ne ya ishe ni. Na isa tun ba a buɗe ƙofa ba, na tsaya a baranda da sabon littafi.

Hanya ce ba cunkoso yau. Ba wani abu ba.