Iskar da ta maƙale a tiyon Nthenya

Talata, 12 ga Nuwamba. Aikin farko: kwashe laka daga gonar Syokau.

Zuwa ga Yaya Kalekye,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan, ya sa zafin Mombasa bai ƙara miki shi ba. Mu nan Mbooni lafiya lau. Ruwa ya sauka, masara ta tsiro, akuyar Inna ta haifi biyu, ita kuma Inna kullum sai ta tambaya ko kin manta hanyar gida.

Sau uku ina fara wannan takarda ina yagewa. 'Yarki Nthenya ce za ta miƙa miki ita a rufe ranar Alhamis. Za ta dawo ba tare da takardar shaidar da ta zo nema ba, kuma gara ki ji dalilin daga wurina.

Kin san yadda muke tare ruwa a gangare: a haƙa rami a gicciye, a watsa ƙasar sama ta zama datsi, a dasa ciyawa a kai. Duk aikin a kan awo yake. Tiyo ne garai-garai cike da ruwa, an ɗaure bakinsa biyu a sanduna, inda ruwan ya daidaita nan ake kafa turke. A watan Satumba Baba Nzomo, babban mai koyarwa na ƙungiyar manomanmu, ya ba Nthenya gangaren da ke saman gonar Syokau a matsayin jarrabawarta ta ƙarshe, ya sa ni in tsaya a kanta. Tun a turke na uku na ga iska ta maƙale a cikin tiyon, tsawon ɗan yatsa. Da irin wannan iska, kowane turke ƙarya yake yi. Yaya, na gani da idona. Na buɗe littafin aikina na sa kwanan wata, na rubuta "iska a tiyo, ba ta lura ba", na rufe. Har ta juyo tana share gumi ta ce Kawu, layin ya yi? Na ce mata ta ci gaba.

Dokar Baba ce ba a gaya wa mai koyo kuskurensa, ruwan farko ne zai gaya masa. Haka ya yi mini shekara goma sha tara da suka wuce, sai dai nawa datsin a kan fako ya fashe, ba wanda ya yi asara. Ban duba abin da ke ƙasan nata ba, ko kuwa na duba na kawar da kai. Littafin bai faɗa ba, ni ma ban tabbata ba.

Ruwan Larabar da ta wuce ya bi ramin ya taru a gefe guda, ya fasa datsin, ya sauka kan gonar Syokau. Kin tuna ta, matar marigayi Kimanthi. Shekara goma sha ɗaya tana jidar taki da ganye a ka har jar ƙasar nan ta yi baƙi. Cikin sa'a guda duk ta tafi rafi, tare da dashen mangwaro arba'in.

Washegari Baba ya tara masu koyo da matan ƙungiya a wurin. Ya cire hula ya rusuna wa Nthenya, ya ce kowa ya gaishe da 'yar birni mai difloma, wadda ta shimfiɗa wa ruwa kwalta har ƙofar gwauruwa. Ya miƙa mata kwano ya ce tunda ita ta aika ƙasar, ta je ta dawo da ita. Kwana huɗu tana hawa da laka a ka. Matan na zaune a inuwa suna ɓare wake, wata ta ce a yi mata uzuri, a makarantarsu a kan allo ake yin ruwan sama. Wata ta ce ta huta kawai, ƙasar ta riga ta kai Mombasa, uwarta ta tara mata a buhu. Syokau ba ta yi dariya ba. A rana ta huɗu ta ce a gaya wa yarinyar nan ta daina, abin da take kawowa yashi ne. Ni ina tsaye ina rubuta yawan kwanukan. Ɗari biyu da shida.

Jiya Baba ya ce kwamitin ƙungiya na son ganin littafina. Duk malamin da aka samu ya ga kuskuren da zai taɓa gonar wani bai hana ba, aikinsa ya tafi. Na tuna wa Baba dokarsa, ya dube ni ya ce wace doka, a wane shafi take? Na dawo gida na yage shafin Satumba, na sake rubuta shi ban da maganar iskar, na sa hannu cewa sakacin Nthenya ne ita kaɗai.

Da la'asar Nthenya ta kawo mini shayi. Ta ce Kawu, kai kaɗai ne ba ka yi mini dariya ba. Ta ce ta zubar mini da mutunci a gaban mutane, in yafe mata. Na ce na yafe.

Ban roƙe ki ki ɓoye mata wannan takarda ba, ba ni kuma da ƙarfin cewa ki nuna mata. In ta iso kada ki dame ta da tambaya. Ki dafa mata masara da wake, ki duba wuyanta, ya kumbura.

Ki gaishe da maigidanki Muthama, da Kavata, da auta Kyalo. Inna da matata Mutheu suna gaishe ki. Mutheu ba ta san komai ba.

Ƙaninki,
Mbithi

Na gobe:
nemo ciyawar dashe don toshe inda ya fashe;
kai littafi wurin kwamiti, ƙarfe goma;
kama wa Nthenya kujera a motar Alhamis;
liƙe bakin wannan ambulan sosai kafin in ba ta;
tarbar wadda za ta maye gurbinta. Baba ya ce ni zan tsaya a kanta.