Mahaifiyata Ta Bi Ɗana Sansanin Hutu da Cokali

Bu Lastri, don girman Allah ki agaza mini kafin in gaya wa mahaifiyata maganar da zan yi da-na-sani. Raina a ɓace yake, kuma kowa a unguwarmu ya riga ya yanke hukunci cewa ni ce marar kirki.

Shekara bakwai na yi a Taiwan ina jinyar wani tsoho, in yi masa wanka, in ba shi abinci a baki. Mijina yana aikin gonar kwakwar manja a Kalimantan, sai da sallah muke ganinsa. Ɗanmu, bari in kira shi Galih, a hannun mahaifiyata ya tashi, wadda duk gidan muke kira Mbah, wato kaka. Ban yi nadamar tafiyata ba, da gumin tafiyar nan aka rufa ɗakin da muke kwana ciki. Amma da na dawo me zan gani? Ƙato ɗan shekara goma sha ɗaya, idonsa a kan waya, Mbah tana biye da shi da faranti daga falo har bakin titi, shi kuwa sai dai ya wangale baki a zuba masa. Na san a nan garinmu Wonosobo kowace kaka haka take bin jikanta da cokali, amma ai ana bari idan yaro ya shiga makaranta! Na baro tsohon da ba ya iya ɗaga hannu, na dawo na tarar an mayar da ɗana kamarsa.

Da babban hutun bara ya zo, na rubuta sunansa a sansanin 'yan sikawut na mako guda a bakin tafki. Mbah ta ce, "Wannan sanyin? Iska za ta shige shi, wa zai kankare masa baya da kwabo ya fitar da ita, yadda muke maganin sanyi? Wa zai ba shi abinci?" Na ce yunwa za ta ba shi. Ya tafi yana kumbure-kumbure.

Ana tsakiyar makon, ba tare da sanina ba, Mbah ta cika kula mai hawa-hawa, ta hau acaba har sansanin. Kak Wiwit, matashiyar da ke kula da rukuninsu, ita ta ba ni labari. Ta ce a lokacin Galih ya riga ya saba, shi ne ma mai dafa shinkafar tantinsu, sun baje ganyen ayaba suna ci da hannu ana raha. Sai ga tsohuwa ta kutso, ta zaunar da shi, ta ɗebo loma ta ce, "Buɗe, ɗan albarka, dubi yadda ka rame." Galih ya dubi abokansa, ya dubi kakarsa, ya buɗe baki. Har aka tashi daga sansanin, Jinjiri suke kiransa.

Duk da haka, wallahi wani yaron aka dawo mini da shi. Yana wanke safarsa, yana ninke bargonsa, ya yi abokai daga ƙauyukan da ni kaina ban taɓa zuwa ba, wayar ma sai ya manta inda ya ajiye ta. Ranar da ya dawo ya dafa mana shinkafa, ta ɗan kama, ya zauna ya ci da hannunsa. Ni daɗi ya ishe ni. Mbah kuwa ta ture farantinta ta shige ɗaki tana kuka, ta daina cin abin kirki har ta fara jiri. Kin san abin da yaron nan ya yi? Ya koma buɗe mata baki, don in ya ci daga hannunta ita ma takan ci. A makaranta da hannunsa yake ci, a gida ya zama jinjiri.

Yanzu hutu ya sake zagayowa. Galih ya same ni ina shanya, ya rage murya ya ce yana son komawa, bana shi za a ba shugabancin tanti, amma kada in ce shi ya roƙa. Da na yi maganar, Mbah ta ce in ya taka ƙafa ya tafi, ita ma za ta tattara kayanta ta koma wurin yayana a Semarang, ba za ta dawo ba. Yayan nawa ya kira ni ya ce na ci kuɗin Taiwan na manta wadda ta riƙe mini ɗa. Maƙwabta suna cewa abinci ne fa kawai.

To ni na rantse sai ya je. Ko garin nan duka zai taru a ƙofata, sai ya je. Ban haifi ɗa don ya kai ga aure ana bin sa da cokali ba. Ki gaya mini yadda zan sa ta haƙura, in kuma ba za ta haƙura ba, ki gaya mini ko laifi ne in bar ta ta tafi.

Uwar da ta ƙi lanƙwasa, Wonosobo

Ƙanwata,

Ki rubuta sunansa, ya tafi. A nan ina bayanki, kuma ba na jin kunyar faɗa. Sansani yana ba yaro abin da gida ba ya iya ba shi komai yawan soyayya: ya ƙona shinkafa ba wanda ya karɓe tukunyar, ya yi faɗa da aboki su shirya ba babba a tsakani, ya gano cewa wasu sun dogara da shi. Yaron da aka yi wa lakabin Jinjiri amma yake roƙon ya koma wurin, ya san abin da ya samu.

Sai dai ki sassauta murya. Mbah ba da sansani take faɗa ba. Shekara bakwai aikinta a duniya shi ne ta ga yaron nan ya ƙoshi, ta miƙa miki shi lafiya, sai kika dawo abu na farko da ta gani a fuskarki shi ne ta ɓata shi. Ta wuce gona da iri, gaskiya ne, zuwanta sansanin nan kuskure ne. Amma na karanta wasiƙarki sau biyu ban ga inda kika ce kin zauna kin gode mata ba. Ki yi wannan tukuna, ke da ita kaɗai, kada ki haɗa shi da maganar hutu.

Sannan ki cire Galih daga tsakaninku. Ki gaya masa a fili cewa cin abincin kakarsa ba nauyinsa ba ne, na manya ne. Ki riƙe masa sirrinsa kamar yadda ya roƙa, ki ce shawararki ce. Ki nemi Kak Wiwit ta sa muku ranar ziyara, ku tafi tare da Mbah, ta dafo abin da zai ishi tantin duka, ta zuba a ganye kowa ya sa hannu. Kafin ranar tafiya kuma ki roƙe ta ta koya masa yadda take yin miyarta, don ya je da abin da zai yi alfahari da shi. Idan ta sake ƙin abinci har da jiri, asibiti za ki kai ta, ba yaron za ki kira ba.

In duk da haka ta ce sai Semarang, kada ki fasa sansanin, kada kuma ki yi fushi. Ki raka ta tasha da kanki, ki bar ɗakinta yadda yake, ki riƙa kiranta ko da amsar a daƙile take.

Amma kafin a kai nan, ki gwada wannan yau. Ki ajiye taurin kan a bakin ƙofa, ki zauna kusa da ita, ki ce yunwa kike ji, ta zuba miki. Hannunta yana neman wanda zai ciyar, ke kuma 'yarta ce da ta yi shekara bakwai ba ta ci girkinta ba.

Allah ya kai Galih lafiya ya dawo da shi lafiya, ya sanyaya zukatanku ku biyun.

Bu Lastri