A Bar wa Baban Safiya Sunansa a Kan Injinsa

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ofishin fassara da tafinta na Hay el-Sabi', Alƙahira.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma sake godiya da zuwanka jana'izar mai gidana, Baban Safiya. Allah Ya saka da alheri. Na yi ta zuwa ofis ba na samunka, shi ya sa na rubuto a fili, inda 'yan'uwanmu mazauna Masar za su gani.

Ka san marigayi a Rasha ya yi karatun injiniya. Can ya fara ƙera ɗan injin nan mai tace ruwan gishiri, ya ƙarasa shi a barandar gidanmu na Ainu Shams, inda nake shanya. Wani kamfani a Suwidin ya karɓi aikin. Ana cikin neman takardar mallakar ƙirƙira da sunansa Allah Ya yi masa rasuwa. Yanzu wani ma'aikacin kamfanin ya ce shi ya ƙirƙira. Shaidarmu ɗaya ce tak: tsohon malamin marigayi, Barashe, wanda ba ya jin komai sai Rashanci. Hukumar da ke duba maganar a can kuma da harshen Suwidin take zama.

Ga kukana, Alhaji.

Na farko, ina cikin takaba na aiko maka da saƙon lauyana cewa ana buƙatar tafinta daga Rashanci zuwa harshen Suwidin, wanda ya san shari'a da aikin mallakar ƙirƙira. Ka ce in kwantar da hankalina, akwai shi.

Na biyu, ranar zaman, wanda aka yi ta bidiyo daga ofishin lauya, sai ga wanda ka turo, ashe mai raka 'yan yawon buɗe ido ne zuwa kallon dalar Masar. Bawan Allah ne mai kirki, kuma yana jin harsunan biyu, irin jin da ake hira da baƙi. Ya fassara gaisuwa lafiya lau. Da tsohon ya shiga bayanin cikin injin, aka kuma jefo tambayoyin doka, sai tafintan ya ce gaskiya wannan ba aikinsa ba ne. Ban ga laifinsa ba. Da ya yi ƙarya ya fassara son ransa, da ya fi cutar da mu.

Na uku, da na koma ofis, abin da na samu "ma'alish" ne kawai, wato a yi haƙuri. Hukumar ta ɗaga zaman, ta ce ba za ta sake ɗagawa ba. Tsohon kuwa ba shi da lafiya, da ƙyar ya zauna ran nan.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san ba duk mai jin Larabci ake kai wa rabon gado ba.

Roƙona biyu ne. In kana da tafinta mai takardar rantsuwa da hukumar can ta yarda da shi, ka haɗa shi da lauyana kafin zaman, ya ga zanen injin. In babu, ka faɗa mini babu, tun da sauran lokacin nema. Duk wanda ya karanta wannan ya san irin mutumin, don Allah ya yi magana.

Bahon da marigayi ke gwaji da shi yana nan a baranda, gishiri ya bushe a bakinsa, na kasa wankewa. Safiya na nuna wa ƙawayenta, tana cewa aikin Babanta ne. Ina so takarda ma ta faɗi haka.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya yi wa ofishinka albarka, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.

Maman Safiya,
Ainu Shams.