Talatin da Ɗaya

Askerby, 3 ga Maris

Dennis ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da matarka Maureen kuna lafiya.

Baƙi suna zaton na'ura ce ke kaɗa ƙararrawar cocinmu. Wanda ya sayi tsohon gidan waya har ya tare Rabaran a hanya ya ce, "Don Allah a ɗan rage mata murya ranar Lahadi." Rabaran ya ce, "Sai dai ka roƙi Malama Enid, ita ce na'urar." Na yi dariya, amma da na koma gida abin ya tsaya mini.

Makarantar da na koyar da ku ta zama gidan hutu. An rufe kanti, bas ma sai Laraba. Ƙararrawa shidan nan kaɗai suka rage, su da suka shekara ɗari uku suna faɗa wa ƙauyen nan wa ya yi aure, wa ya rasu. Mu masu jan igiya saura uku. Babanka ya daina hawa hasumiya, ƙugunsa ya ƙi, babbar kuwa babu mai iya mata sai shi. Kai ka taɓa koyo. Ka zo ko sau ɗaya a wata.

Malamarka,
Enid Garbutt

Leeds, 11 ga Maris

Malama,

Na gode da wasiƙa, Maureen tana gaishe ki.

Kin ce na taɓa koyo. Kina wurin ranar da na daina. Ina shekara sha biyar na ja da ƙarfi, katakon da ke tokare ƙararrawa ya karye, igiya ta saɓule mini fatar tafin hannu. Baba ko hannun bai duba ba. A gaban kowa ya ce, "Sauka, kai dai je ka ba aladu abinci." Na sauka. Shekara arba'in ke nan.

Awa tara nake tuƙa bas kullum, Malama. Ranar Lahadi barci nake yi. Ku sa na'urar, baƙon ya huta.

Ki huta lafiya,
Dennis Thwaite

Askerby, 2 ga Afrilu

Dennis ɗana,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ta'aziyyar rasuwar babanka. Na san ƙanwarka ta buga maka waya ranar Talata. Akwai abin da ba ta faɗa maka ba, domin laifina ne.

Ka tuna al'adarmu: in namiji ya rasu a buga babbar sau tara, a dakata, sannan a buga yawan shekarunsa. Kowa ya tsaya inda yake ya ƙirga, ya gane wa aka rasa. Babanka ya yi wa mutum fiye da ɗari biyu, bai taɓa kuskuren bugu ɗaya ba. Nasa tamanin da huɗu ne.

Sauran biyun sun girme ni, don haka ni na hau. A talatin da ɗaya kafaɗata ta riƙe. Na zauna kan benci, hannun ya ƙi ɗaguwa.

Peggy Oldroyd tana shanya ta ƙirga talatin da ɗaya. Jikanta Neil shekarunsa ke nan, da safe kuma ta ga wucewarsa a kan tarakta. Ta yar da kwando ta ruga gona da silifas, mace mai shekara tamanin. Ta same shi zaune yana cin burodi da cuku, ta kai masa mari, sannan ta fashe da kuka. Da yamma ta zo ƙofata ta ce, "Enid, ke da kika koya wa rabin garin nan lissafi! In kin kasa ƙirga ki faɗa mana."

Ba zan ce maka babanka ya yi nadama ba, bai taɓa faɗa mini ba. Mutum ne mai wuyar zama. Amma ƙauye bai ji shekarunsa ba tukuna, ranar Juma'a ta sama kuma za a binne shi. Na gaji, Dennis.

Malamarka,
Enid

Leeds, 5 ga Afrilu

Malama,

Na gode da ta'aziyya. Zan zo jana'iza, ban yi alkawarin komai ba bayan wannan. Maureen ta ce na kwana biyu ina murza hannu kamar mai jin sanyi.

Tambaya ce kawai: in wani zai hau, daga talatin da biyu zai ɗora ko daga farko?

Dennis

Askerby, 7 ga Afrilu

Dennis ɗana,

Daga farko. Zuciyar Peggy ba za ta ɗauki wani lissafin ba.

Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu Neil zai ɗaure harshen babbar, wato ƙarfen da ke bugun ta, ko an ja babu mai ji a gari, gwaji ne kawai. Zan zauna kan benci, ba zan ce uffan ba sai ka tambaya. Zo ka kama igiyar ka ja sau ɗaya. In hannunka ya ƙi, mu sauko mu sha shayi.

Sai ka iso,
Enid