Tsagar Baba da Fitilata

Laraba da dare, unguwar Sabo

Har yanzu haushin Nura nake ji. Ya kawo mahaifinsa shagona ɗaukar hoto. Na kafa fitila daga gefe, tsagar Gobirawa da ke kumatun tsohon ta fito raɗau. Sai Nura ya jawo fitilar saitin fuskar tsohon, wai a ƙara haske. Ƙarya yake, kunyar fuskar ubansa yake ji, kada abokansa su gani.

Na ɗauka yadda ya so, hasken ya shanye tsagar tas. Baba ya daɗe yana kallon hoton, ya shafa kumatunsa, ya ce mini, "Yaro, ina ka kai ni?"

Ni aka tambaya. Shi mara kunyar yana can yana latsa waya.