'Yata ta goge alli, ni kuma na sha ƙasa a gaban duniya

Hajiya mai wannan fili, don Allah ki taimake ni da shawara kafin zuciya ta sa ni aika-aika. Ki yi haƙuri da rubutun, karatuna bai yi nisa ba, makaranta ce ta riga ni gajiya.

Ni kafinta ne. Kujeru da tebura nake yi tun ina da gashi a ka. Shagona yana bakin titi, tsakanin mai faci da mai wanki da guga. Ban taɓa sanin wata talla ba sai bakin mutane: wanda ya zauna a kujerata ya ji daɗi, shi zai gaya wa wani.

To, babbar 'yata ta gama karatu, aiki bai samu ba tukuna. Sai ta ce wai zamanin zaman jiran mai wucewa ya wuce, yanzu kasuwa tana cikin waya. Ta buɗe wa shagon shafi a intanet, tana ɗaukar kayana hoto da bidiyo tana sawa. Wai kuma sai an sa abu kullum, in an kwana biyu ba a sa ba shafin ya yi fushi ya daina nuna mu. Na ce ashe akuya muka sayo, sai an ba ta dusa safe da yamma. Amma tsakani da Allah abin ya yi aiki. Daga unguwannin da ban taɓa takawa ba ake kira na. Akwai dai 'yan tambayar farashi, masu tambaya su ɓace kamar aljanu, amma akwai masu saye na gaske.

Ga inda matsalar take. A aikinmu, kafin a sa wa kujera gam da ƙusa, sai an fara haɗa ta haka nan a ga ko kowane katako ya zauna a raminsa. In ka kalle ta sai ka rantse an gama, alhali ko kyanwa ta hau sai ta watse. Irin wannan kujera nakan yi mata alama da alli a bayanta, don kada wani ya zauna. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashina ya san wannan.

Ranar da abin zai faru, 'yar tawa ta zo ta share dusar katako, ta jera kujeru, ta ce yau ni da kaina zan yi bayani. Ta ga alli a jikin wata kujera, ta ce ƙazanta ce, ta sa tsumma ta goge tas. Ban sani ba. Ta kuma ce kai-tsaye za mu yi. Ni a tunanina kai-tsaye yana nufin ba dogon surutu, daga baya ta yanke tarina da in'ina kamar yadda ta saba. Ashe mutane na can suna kallo na a lokacin.

Na gyara hula, na bugi ƙirji, na ce kujerata ba ta karyewa, ko giwa ce ta zo ta gwada. Don in nuna musu, na ja baya na faɗa kanta da duk nauyina, kuma Allah bai rage ni da tumbi ba. Hajiya, ƙafafu huɗun nan kowacce ta kama gabanta. Na ji ni a ƙasa, ƙafa a sama, hula a ƙarƙashin tebur. Abin da ya fito daga bakina kuwa ba zai rubutu a jarida ba, har kakannin kujerar sai da na ambata. Ita kuma mai riƙe da wayar, maimakon ta kashe, sai hoton ya kama rawa saboda dariya.

Kafin in miƙe da kyau wani ɗan banza ya yanko wurin, ya sa masa kiɗa, ya watsa. Yanzu sunana Baba Ba-ta-karyewa. Mai faci da shi yake gaishe ni. Uwar yaran nan in na shigo gida sai ta shige kicin kafaɗunta na rawa, ta ce albasa ce. Jiya wasu samari suka zo da mota, na ɗauka ciniki ne, ashe so suke in sake faɗuwa su ɗauka. Ni, mai jikoki! Mafi ciwo, wani mai shirin buɗe gidan abinci da ya ba ni aikin kujerunsa ya aiko wai in dakata tukuna, zai yi tunani.

Ina cikin wannan baƙin ciki sai ga 'yar tawa da murna, wai mabiyanmu sun ninka, wai mu rubuta sunan nan a allon shago tun yana tashe. Nan na fashe. Na ce ta goge shafin gaba ɗaya, kuma in abin da aka koya mata a makaranta ke nan, ta mai da ubanta abin dariya, to an yi asarar karatu. Tun ranar ba ta sake taka shagon ba. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice. Shafin yana nan, lambar sirrin na hannunta, saƙonni na ta shigowa, ni kuma yatsuna in na danna harafi ɗaya uku ne ke fitowa.

Raina a ɓace yake ƙwarai. Sunan da na daɗe ina ginawa tsumma ɗaya ya goge shi. In tilasta mata ta rufe shafin nan ne in koma yadda nake, ko yaya zan yi?

Kafinta mai ciwon ƙugu

AMSA

Baba kafinta, sannu da ƙugu. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na yi dariya, amma da na kai ƙarshen wasiƙar na daina.

Fushinka yana da hujja. Bai kamata a haska mutum kai-tsaye bai fahimci abin da ake nufi ba, kuma da ka faɗi, kashe waya ya kamata ta yi ta ɗaga ka. Maganar allon shago ma ta yi gaggawa. Yawan mabiya daban, masu saye daban, kuma mutuncinka ba kayan talla ba ne sai da yardarka.

Sai dai ka duba ɗaya ɓangaren. Ka ce duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinka ya san ma'anar allin. Ita ka taɓa gaya mata? Gyara ta zo yi. Kai ba ka san yaren wayarta ba, ita ba ta san yaren shagonka ba, a nan kuka yi karo.

Kada ka rufe shafin. Rufe shi ba zai janye bidiyon daga wayoyin mutane ba, sai dai ya bar faɗuwar tana yawo ba mai ba da amsa. Ku yi sabon bidiyo, ba kai-tsaye ba. Ka nuna yadda ake gwada haɗi, ka faɗi abin da ya faru da irin barkwancin da ka rubuto mini, ka haɗa waccan kujerar da gam da ƙusa a gaban kowa, sannan ka zauna. Zama na ce, ban da tsalle. Mai gidan abinci kuwa kada ka tsaya ga kiran waya kawai, ka gayyato shi shago ya jijjiga kujerun da hannunsa.

Daga nan ku yi ƙa'ida: ba abin da za a sa sai ka gani ka yarda, kuma lambar sirri ta zama ku biyu kuka san ta. Sunan da aka laƙa maka, in ba ka so, kada ya hau allo. Masu son ka sake faɗuwa ka sallame su da fara'a.

Amma duk wannan ba zai yiwu ba sai ka janye maganar asarar karatu. Yarinyar da ke zaune ba aiki, ta zuba abin da ta iya a shagon mahaifinta, wannan kalma ta yi mata zafi fiye da yadda kake zato. Kai ne babba, ka kira ta yau, ka fara da wannan. Ina kyautata zaton kafin ka rufe baki za ta ba ka haƙurin da kake jira.

Allah ya ba ka lafiya, ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a sana'ar.